Hannun da Ke Buɗe Shuka a Kukar Tanko

A Kukar Tanko, wani ƙauye na ƙasar Dakusa da ba shi da nisa da birnin Damagaram, ba a fita shuka sai Ɗanƙarami ya ce a fita. Ba dokar gwamnati ba ce, ba kuma ta maigari ba, haka nan aka tashi aka tarar. In ruwan farko ya sauka, kashegari da sassafe maza za su taru a ƙofar gidansa da sungumi a kafaɗa, mata kuma na baya da ƙoren iri. Sai ya fito ya ja su zuwa gonarsa ta bayan gari, ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya tona ƙasa da hannunsa na dama har ya taɓo busasshen yashi. In danshi ya wuce wuyan hannu da faɗin tafi guda, sai ya ce, "Bismillahi, a shuka." In bai kai ba, ya girgiza kai kawai, kowa ya koma gida ya rataye irinsa. Daga ubansa Malam Kassim ya gaji wannan aiki, shi ma uban daga nasa uban.

Sunansa na yanka Abdul'aziz ne, amma ba mai kiransa da shi sai liman. An haife shi ɗan mitsitsi, kakarsa ta dube shi ta ce wannan ai ɗan ƙarami ne, sunan ya bi shi. Allah da ikonsa sai ya miƙe ya zama dogo, har ba zauren da yake shiga bai sunkuya ba. Mutum ne marar yawan magana, ba ruwansa da rigima, ba ya neman na kowa. Aibunsa ɗaya, ji da hannun nan nasa. Ba ya faskare da shi in damina ta gabato, ba ya bari zafi ya taɓa shi. Matarsa Maryama takan ce ko amarya ba ta tattalin lallenta kamar yadda Malam ke tattalin hannunsa. In ta faɗa, sai ya yi kamar bai ji ba.

Sa'o'insa duk sun yi cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. Shi bai taɓa ba. In ya tafi, wa zai tona ƙasa? Birnin Damagaram ma sai in zai kai gyaɗa kasuwa, ya kuma dawo a ranar. Shekarar da aka yi sunan ɗan 'yarsa Raliya, wadda ke aure a unguwar Birni cikin Damagaram, an zuba masa tuwo da naman rago ke nan ya ɗaga kai ya hangi hadari ya haɗo ta wajen gida. Ya cire hannu daga akushi, ko sallama bai yi wa surukansa ba, ya ratsa lungunan Birni da sauri har unguwar Zango, ya tari kabu-kabu. Ya iso gida jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya faɗi a hanya. Raliya ta yi fushi da shi har girbi, shi kuwa ko a jikinsa, domin da gari ya waye yana ƙofar gidansa mutane suka same shi.

Shekara da shekaru hannun bai ba shi kunya ba. Amma gaskiyar magana, a wancan zamani damina ma tana da kunya. In ta fara, ta fara ke nan, ruwa na bin ruwa. Daga baya ne ta canja hali. Sai a tafka ruwa da la'asar guda, irin wanda ke kada katangar ƙasa, danshi ya kai har gwiwar hannu, a shuka, hatsi ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. A yi ta kallon gabas har wuya ya ƙage. Sai iska ta taso da yashi mai zafi ta yanke 'yan tsiron, abin da ta rage kuma ta binne. Hannun Ɗanƙarami ruwan da ya riga ya sauka yake aunawa, ba shi da labarin wanda bai zo ba.

Shekara biyu a jere ya ce a shuka, shuka ta mutu. A ta farko mutane suka ce haka Allah ya so, suka ɗebo hatsin ci suka sake shukawa. A ta biyu rumbuna ba su da abin ɗiba. Wasu suka sayo hatsin kasuwa da ba a san asalinsa ba, ya yi kara ya ƙi fidda kai har ruwa ya ɗauke. Samari suka bar gari tun kafin girbi. Ba wanda ya ce masa kanzil, domin mutanen Kukar Tanko ba su da wannan rashin kunyar. Amma shi ya ga yadda gaisuwa ta gajarta, ya ga yadda ake sauya zance in ya iso tabarmar ƙofar masallaci. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame.

Da shekara ta uku ta kewayo, abin da ya rage a garin iri ne na shuka guda. Kowane gida da ɗan daminsa a rataye can ƙuryar rumbu, wanda mata suka hana wa turmi duk da kukan yara. In wannan ya tafi, babu wani. Kowa ya san haka, kuma kowa ya san bakin mutum ɗaya ne zai ce a zuba shi a ƙasa ko a bari.

Maryama tana da 'yar garka a bakin tafki inda take noman albasa da salati da rani. Mace ce gajeriya mai kaifin baki, ta haifa masa 'ya'ya bakwai, ta daina jin tsoronsa tun a na biyu. Wata rana tana tankaɗe, shi yana gyaran ƙotar sungumi, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Malam, ni dai tun da nake ban taɓa zuba irin albasata duka rana ɗaya ba. Kaɗan nake zubawa, in ga abin da Allah zai yi."

Ya ce, "Hatsi ba albasa ba ne."

Ta ce, "Haka ne. Albasa in ta mutu miya ce kawai za ta yi lami."

Ya ci gaba da buga ƙota da ƙarfin da bai kamata ba, har ta tsage.

Ruwan ya zo da wuri a shekarar, tun zafi bai gama karyewa ba. Ya fara bayan la'asar, kafin magariba tafki ya cika, kwaɗi suka ɓarke da kuka. Mutanen meteyo, masu hasashen yanayi, sun faɗa a rediyo cewa a yi hattara, damina za ta iya tsayawa bayan ta fara. To amma rediyo jiha guda yake yi wa magana, bara kuwa akwai ranar da aka yi ruwa a ƙauyen da ake jin kiran sallarsa daga nan, Kukar Tanko ko ɗigo ba ta samu ba. Saboda haka da gari ya waye, ga mutane cike da ƙofar gidan Ɗanƙarami kamar yadda aka saba.

Ya ja su zuwa bayan gari. Ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya tona. Danshi ya wuce wuyan hannu, ya wuce tafi guda, ya kai gwiwar hannu, bai taɓo busasshen yashi ba. Ƙasa sai ƙamshi take. Da Malam Kassim ne, da tuni ya yi bisimilla. Ya ji mutane sun fara gyara sungumi a bayansa. Shi kuwa ya tsaya a durƙushe, hannu cikin rami, ya daɗe har aka fara kallon juna. Abin da yake tunawa shi ne bara ma haka danshin ya kai.

Ya zare hannun, ya kakkaɓe, ya miƙe da duk tsawonsa. Ya ce, "Jama'a, ban sani ba."

Maigari ya matso ya ce, "Me ka ce, Ɗanƙarami?"

"Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe. Danshi ya kai, kun gani da idonku. Amma ko akwai wani ruwan a bayansa, wallahi ban sani ba. Bara na ce muku na sani, ga inda muke." Ya juyo ya fuskanci jama'a. "Abin da na gani shi ne kowa ya kasa irinsa kashi uku. A shuka kashi ɗaya yau, a wajen kwari inda danshi ke daɗewa. A rage yawan tsunkule, ba sai an cika rami ba. Kashi biyun a mayar rumbu. In ruwa ya ɗore, mu bi da sauran. In ya tsaya, ba mu tashi a tutar babu ba."

Surutu ya kaure. Wani ya ce tun kaka da kakanni ko a ce a shuka, ko a ce a bari, ba a taɓa jin na uku ba. Wani ya ce in ruwa ya ɗore fa, an yi asarar danshi irin wannan? Sai ga Garba ya ratso mutane. Garba taubashinsa ne, ɗan ƙanwar Malam Kassim, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, kuma tun suna yara kowane ke cewa ɗayan bawansa ne. Ya tsuguna a bakin ramin ya zura nasa hannun, ya zaro.

Ya ce, "Kai bawana, tsufa ne ya kama ka ko tsoro? Wannan hannun na kawu ne, aro aka ba ka. Na ga inda ƙasa ta manne maka, har gwiwar hannu. Ni hannun nake bi, ba bakin ba. Bakinka ai tun muna yara ba ya faɗin abin kirki."

Aka yi dariya, har Ɗanƙarami ya so ya yi. Amma Garba da gaske yake. A ranar shi da iyalinsa suka zuba irinsu kaf a ƙasa, tun daga bakin gona har ƙarshenta. Gida biyu ko uku suka bi shi. Sauran suka kasa nasu uku suna gunaguni, ba don sun yarda ba, sai don bara ta koya musu tsoro. Ɗanƙarami ya shuka nasa kashin ya dawo gida ya shige ɗaki. Ji yake kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Maryama ta kawo masa fura ta ajiye ta fita.

Hatsi ya tsiro. Gonar Garba ta yi kore daga wannan gefe zuwa wancan, gwanin sha'awa, gonakin sauran kuwa kamar kan da aka fara aski aka bari. Kullum Garba sai ya biyo ta ƙofar gidansa ya ɗaga murya: "Ina bawana mai kashi uku? Ka zo ka ga gonar maza!" A tabarmar masallaci aka fara cewa da an sani da an bi Garba. Nan fa Ɗanƙarami ya shiga wani hali da bai taɓa shiga ba. In ruwa ya sauka, ya tabbata wawa a idon gari. In bai sauka ba, taubashinsa ya kaɗe. Duk da haka kowace salla ruwa yake roƙo, da zuciya ɗaya, har yana hawaye. Ya gwammace a yi masa dariya har kabari.

Ruwa bai zo ba. Aka fita roƙon ruwa, mata suka yi gumba suka raba sadaka, hadari ya haɗu ya watse. 'Yan tsiro suka nannaɗe ganye, suka koma ruwan toka. Ranar da iskar yashi ta taso, kafin azahar ta share gonar Garba fes, kamar ba a taɓa shuka komai a cikinta ba. Na kwarin ma kaɗan ne suka tsira.

Sai da aka fara fid da rai sannan damina ta gaskiya ta kankama. Aka yi ruwa, aka kwana biyu aka sake wani. Mutane suka sauko da abin da suka mayar rumbu, suna ta hamdala. Gidajen da suka bi Garba suka samu 'yan'uwa suka tsakura musu. Garba kuwa ba ya roƙo, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin tunkararsa da sadaka. Ya daina zuwa tabarmar masallaci. Aka ce ya kwanta ciwon baya.

Ɗanƙarami ya shuka kashinsa na biyu. Da ya dawo, ya sauko da na ukun, wanda ya kamata ya riƙe ko da wannan ma za ta mutu. Ya zuba a ƙwarya ya nufi gidan Garba. Ya same shi a zaure kwance a kan buzu, fuska ga bango.

Ya ce, "Ashe bawan nawa bai mutu ba."

Garba bai juyo ba. Ya ce, "In dariya ka zo yi, yi ka tafi. In kuma abin da ke cikin ƙwaryar nan ka kawo, koma da abinka. Ban kai ga karɓar sadakar bawa ba."

"Wa ya ce kawo maka na yi? Wucewa nake, na tsaya in huta." Ya dire ƙwaryar kusa da buzun, ya juya mata baya, ya tsura wa ƙofa ido. "Ni dai na san taubashi ba ya roƙo, ƙwacewa yake. Kana yaro ka ƙwace mini 'yar baka, ka ƙwace mini hula ranar salla. Ban sani ba ko tsufa ya kashe maka hannu."

Can ya ji motsi a bayansa, ya ji an ja ƙwarya a ƙasa. Sai ya fita waje ya buɗe murya yadda duk unguwa za ta ji: "Jama'a ku shaida, bawana ya ƙwace mini iri da rana tsaka!" Mata suka leƙo ta kan darni suna dariya. Daga cikin zaure Garba ya ce, "Na ƙwata! Je ka kai ƙara wurin Sultan na Damagaram!" Amma muryar ba irin tasa ba ce, ta mai kuka ce.

Da ya koma gida Maryama ta dubi hannunsa wayam ta ce, "Duka ka ba shi?"

"Ƙwacewa ya yi."

"To, sannu. Mu kuma in ta sake tsayawa, sai mu ci taubasantaka." Ta miƙe ta ɗaura zane. "Zo ka ga wani abu."

Ta kai shi bayan ɗakinta, inda take shanya. Ga wani ɗan fangali da ta kewaye da ƙaya saboda awaki, cike da hatsi kore, ya kai tsawon kamu. Ashe tun lokacin da shukar farko ta fara yaushi ta tsakuri 'yan tafi daga irin gidan ta zuba, tana ba shi ruwan alwala da na ɗauraya, kamar yadda take renon albasa kafin dashe. Ɗanƙarami ya san dashe, kowa na cike gurbi da abin da aka cire a gona. Amma a reni hatsi a bayan ɗaki kamar jinjiri, wannan bai taɓa gani ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Na sani, Malam. Ba albasa ba ne. Ɗauko kwando."

Kashegari da aka sake ruwa, duk wanda ya bi ta bayan gari ya ga abin kallo. Tsofaffi biyu a tsugune cikin gona suna dashe, ɗaya dogo ɗaya mai ƙaton ciki, Maryama na tsaye a kansu tana ba da umarni. "Malam, datse ganyen tukuna. Garba, danna gindin da kyau, ba gaisawa kake da shi ba." Garba ya ce shi dai bai taɓa zaton zai tsufa a bautar mace ba. Ta ce ai bautar ciki ce. Da suka gama gurbin gonar Ɗanƙarami, suka kai ragowar gonar Garba.

Ba a yi wata kaka ta a zo a gani ba. Damina ta ɗauke da wuri, kamar yadda ta zo a makare. Amma kowane gida ya ɗaure dammunan da za su kai shi wani wuri, kuma kowa ya rataye irin baɗi. Mata da yawa suka zo kallon fangalin Maryama, suna tambayar yaushe ake zubawa. Gaisuwa ta koma yadda take. Maigari da kansa ya ce a gaban jama'a Allah ya yi wa Ɗanƙarami albarka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, daɗi ya cika shi, har ya fara tunanin yadda zai tsara maganarsa in an taru baɗi.

Baɗi ta zo, ruwan farko ya sauka. Tun da asuba ya yi wanka, ya sa rigarsa ta shuɗi, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna. Ga mutane sun fara fitowa, sungumi a kafaɗa, mata da 'yan ƙananan ƙore, kowace da kashi ɗaya cikin uku.

"Baba, ina kwana? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Madalla. Bari mu ɗan taɓa wajen kwari."

Suka wuce. Wasu suka zo, suka rusuna, suka gaishe shi da ladabi fiye da na da, su ma suka wuce. Ba wanda ya tsaya. Me za su tsaya tambaya? Ya riga ya koya musu, sun kuma koya. Har rana ta ɗaga yana zaune, hannunsa na dama a kan gwiwa. Ya san abin da ya faru alheri ne, ya kuma san da kansa ya jawo shi, amma wannan bai hana ƙirjinsa zafi ba.

Maryama ta fito da ƙwaryarta a ka, ta jingina masa sungumi a kafaɗa. Ta tsaya a kansa tana dubansa. Daga baya ta ce a hankali, "Tashi, Malam. Mu kaɗai muka rage a gari."

Ya tashi. Da suka fita bayan gari sai ya tsaya cak yana kallon ƙasa. Jiƙaƙƙen yashin hanyar duk sawu ne, manya da ƙanana, na takalmi da na ƙafa, sun rarrabu kowane ya nufi gonarsa. Tun da ya gaji ubansa bai taɓa ganin wannan ba, domin a safiyar shuka kullum a bayansa sawu ke zama.

Ya ce, "Maryama, ashe muna da yawa haka?"

Ta ce, "Muna da yawa, Malam. Kuma duk da irinsu suka fita."

Ya goge ido da hannun riga, ya gyara sungumi, ya bi sawun.